Batirin da Ba Ya Cika Sai Ina Gari

Shekarun baya can, tun muna cikin Jihar Sakkwato ba a kai ga yanke mana Kebbi ba, na sha wata wahala a hannun batura biyu, wadda har yau in na tuna sai na yi dariya. Ku da kuka taso kuka tarar da farantan sola a kan kowane rufi ba za ku gane yadda abin yake a lokacin ba. A duk yankinmu ban san inda ake da su ba sai a garkar mahaifina.

Ba sayensu muka yi ba, ina muka ga halin haka? Wasu masu gwajin noman rani ne suka zo ƙauyenmu da ke kusa da Gulma suna neman garka mai rijiya da ba ta ƙafewa. Ta Baba tana manne da bayan gidanmu, sai suka zaɓe ta. Suka kafa farantan a kan ƙafafun ƙarfe, a ɗan kishingiɗe, tsayinsu bai wuce ƙirjin mutum ba, suka haɗa su da famfo da tanki. Babu batir ko ɗaya a cikin tsarin. Rana ta fito famfo ya kama aiki, kafin ta take tsaka tanki ya cika, sai a kashe. Da wa'adinsu ya ƙare suka tattara suka tafi, suka bar wa Baba kayan. Ni lokacin ina aikin gyaran famfuna a Birnin Kebbi, saboda haka kula da su ya faɗo kaina. Tun daga nan abokina, wani mai gyaran wutar mota a Argungu, ya laƙaba mini Injiniya, alhali ya fi kowa sanin ba ni da takardar.

Wata damina Baba ya yanke jiki ya faɗi a gona. Muka kawo shi asibiti a Birnin Kebbi, likita ya ce ciwon suga ne, kuma ya yi nisa, sai dai allura kullum. Aka koya masa yi wa kansa, ya iya. Matsalar ita ce ruwan allurar ba ya son zafi, sai a firji. Mahaifiyata, Inna, ta ce ga randa, likita ya ce na ɗan lokaci dai, amma ba zai yarda a bar maganin wata guda a gindin randa da irin zafin garinmu ba. Firji mai kananzir ya fi ƙarfina, kananzirin ma a ƙauye sai an yi sa'a. Ni kuwa ina da ɗan firji a gidana. Shi ke nan, Baba ya zauna wurina, Inna ta koma ƙauye saboda gida da dabbobi da garka.

Mutumin da tun tasowarsa bai taɓa yin mako a wajen garinsu ba, ga shi a zaure na haya. Da safe ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zuba wa titi ido. In ya ga mota daga wajen Argungu sai ya miƙe ya tambayi direba ko ruwan fadama ya fara janyewa. Matata tana iya ƙoƙarinta, duk abin da ta kawo masa sai ya ce, "Allah shi yi albarka, na gode ƙwarai." Wannan godiyar ita ta fi ci mini rai. Baban da na sani ba ya cin tuwo bai ce gishiri ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba. Sugan ya daidaita, amma shi kullum ƙara ramewa yake.

Da kaka ta kusa, wata rana bayan la'asar ya kira ni.

"Zamna nan. Tun da nike, ba a taɓa dashen albasa ba ni gida ba. Bana ma ba za a yi ba. Ko da allura ko babu, ni gida za ni."

Na ce, "Haba Baba, ka san abin da likita ya ce."

"Na sani. Shi ma likitan gidansu shike kwana."

Likita kuwa ya riga ya gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba, in Baba ya daina allurar nan ba zai daɗe ba. Kuma na san halin mahaifina, in ya ce za shi to za shi.

Ina cikin wannan damuwa tunanin farantan garka ya faɗo mini. Tun kafin azahar suke gama aikinsu, duk ranar da ke dukansu daga nan har yamma a banza take tafiya. Me zai hana a tara ta? Na hau babur sai Argungu. Abokina ya saurare ni, ya sosa ƙeya, ya ce, "Injiniya, yau dai ka yi tunani. Zai yiwu." Muka sayi baturan babbar mota guda biyu a wurin wani ɗan kasuwa, muka samo ɗan firji na hannu irin mai aiki da batir, wanda bai fi akwatin tufafi girma ba. Abokina ya sake tsara wayoyin, ya sa 'yar na'urar da ke hana batir cika ya wuce kima, da wani ɗan agogo mai tsinke da ke nuna ko wuta na shiga. Sannan ya kafa makunni mai hannu a jikin bango: ka tura dama wuta ta tafi famfo, ka tura hagu ta tafi batir.

Na zaunar da Inna na yi mata bayani. Kai, na zuba ilimi ranar! Na yi maganar waya ja da waya baƙa, na yi maganar ruwan batir, har da zane a ƙasa. Tana ta cewa "awo, awo," tana tsince shinkafa. A ƙarshe ta ce, "Ni dai gaya min abin da zan yi."

"In tanki ya cika, ki tura hannun nan hagu. Da safe ki mayar da shi dama. Shi ke nan."

"Shi ke nan? To mi ya kawo duk wagga doguwar magana?"

Likita ya ce in firjin ya yi mako cur da sanyi ba ni nan, ya yarda Baba ya koma. Na cika kwalba da ruwa na sa a ciki don gwaji. Ranar Lahadi da zan tafi na taɓa ta, sanyi ƙarara. Na koma Birnin Kebbi ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro rana, na ce wa Baba ya fara shiri.

Asabar da safe na dawo na tarar firji ya yi tsit. Ruwan kwalba ɗumi kamar na wankan jariri. Batura sun mutu murus.

"Inna, kin tura hannun kuwa?"

"Ko sau guda ban manta ba. Zo ka gani." Ta tura, ta mayar, daidai yadda na koya mata. "Farko-farko da sanyi, daga baya sai shi yi gurnani shi yi shiru, har ya bari gaba ɗaya."

Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ban ga komai ba. Na wuni a gaban ɗan agogon, tsinkensa ya miƙe, wuta na shiga kamar an buɗe famfo. Kafin yammacin Lahadi batura sun farfaɗo, firji na ta gurnaninsa. Na ce wataƙila wata waya ce ta saki na matse ban sani ba. Na tafi. Asabar ta zagayo, na dawo, jiya i yau.

Abokina ya zo da kansa, ya duba, shi ma bai ga komai ba. Ya riƙe haɓa ya ce, "Injiniya, ni dai na gano. Batirin nan tsoronka yake ji. Ka ajiye aiki ka dawo ka zauna gabansa." Ni kuwa ba ni da bakin dariya. Muka yanke cewa ɗan kasuwar nan tsoffin batura ya goge ya sayar mana. Muka ɗaure su a babur muka kai masa, abokina yana ta ɗaga murya har maƙwabtan shago suka taru. Bawan Allah ya gwada su a gabanmu, ya ce shi bai ga laifinsu ba, amma tun da maganar marar lafiya ce mu ɗauki wasu. Muka ɗauka muna hura hanci. Sababbin ma abin da suka yi mana ke nan: ina gari su cika, na juya baya su zube.

A can Birnin Kebbi kuwa kullum abin da nake ce wa Baba shi ne, "Saura kaɗan." Ban gaya masa abin da ke faruwa ba, don kada ya yanke ƙauna. Shi kuma labari ya iske shi cewa irin albasa ya isa dashe. Ya ɗaure tufafinsa a ɗankwali ya ajiye a gefen tabarma. Wata safiya matata ta tare ni a tsakar gida, idonta ya yi ja, ta ce ta lura ruwan kwalbar allura bai ragu ba tun jiya. Na shiga na tambaye shi. Bai musa ba.

"Gwadawa nike, in ga ko jikin na iya yi babu ita."

Na durƙusa a gabansa, ni da nake da 'ya'ya, na yi kuka wiwi. Na roƙe shi ya ba ni mako biyu tak. Ya dube ni, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki allurar. Tsoron da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba.

A cikin makon nan wurin aiki suka tura ni Augie duba wani famfo. Na gama da wuri, a hanyar dawowa na ce bari in ratsa gida, ko da ban san me zan yi ba in na je. Ban taɓa zuwa a tsakiyar mako ba tun da muka fara aikin nan. Na iso bayan azahar, rana na tsaka da duka, na jingine babur na shiga ta ƙofar garka.

Na nemi farantai na rasa.

Ƙafafun ƙarfen suna nan. Amma a samansu tabarmi ne shimfiɗe, daga wannan gefe har wancan, an danne kusurwoyi da duwatsu. A kan tabarmin yankakkiyar kuɓewa ce, wadda mu muke kira guro, an baza ta tsaf, ga zogale a gefe, ga lalo. Wallahi ko ɗan yatsa na gilashi ba a gani. Na dubi bango, makunni yana hagu, daidai inda na ce a sa shi. Tsinken agogo kuwa yana kwance abinsa.

Ina tsaye baki buɗe Inna ta fito da wani faifan guro a hannu.

"A'a! Yau kuma? Lafiya dai? Jikin babanku ne?"

"Lafiya lau yake. Inna... mene ne wannan?"

"Shanya mana. Ba ka san shanya ba?"

"Tun yaushe kike yi a nan?"

"Tun shekarar da anka kafa su. In famfo ya gama aikinshi mi za su yi? Nan awaki ba su kaiwa, kaji ba su kaiwa, ga zafi ta sama ga zafi ta ƙasa. Lokacin albasa ma nan nike shanya ganyenta in yi gabu."

"To ni ban taɓa gani ba."

"Ina za ka gani? Ran da kake nan kana ta kai-da-kawo wurin da wayoyinka, in shimfiɗa ka zubar min?"

Na rasa abin yi, dariya ko kuka. Na ce, "Inna, ai kin rufe su. Ba sa samun rana."

Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dube ni. "Wagga ranar duka? Ko'ina rana ce. Kuma ai na tura hannun."

Sai na daina magana, tun da magana ba ta taɓa yi mini amfani ba. Na kama hannunta na kai ta gaban agogon, na ce ta zuba wa tsinken ido. Na je na naɗe tabarma ɗaya. Tsinke ya motsa. Na mayar, ya kwanta. Na ce, "Gilashin nan shi ne bakinsa, Inna. In an rufe ba ya ci, in bai ci ba babu abin da zai ajiye."

Ta ajiye faifan. Ta je da kanta ta ɗaga tabarmar, ta leƙo, ta sauke, ta sake ɗagawa. Sannan ta samu gefen wani fangalin shuka ta zauna a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Duk nashi ne fa," ta ce a hankali. "Likita ya ce shi rage shinkafa shi riƙa cin ganye. Nac ce bari in tara mishi, kada shi dawo shi iske babu." Ta dubi tabarmin. "Ashe ni ce nike tsare da shi can."

Na ce ba laifinta ba ne, na ce ko ni da abokina mun sha dubawa ba mu gane ba. Ba ta ji ni ba. Ta share fuska da gefen zane, ta miƙe, ta shiga naɗe tabarmin ɗaya bayan ɗaya, guron ko rabin bushewa bai yi ba. Na kai hannu zan taya ta, ta ce in bari. Da ta gama ta ɗebo ruwa ta wanke farantan tas, ta goge da tsumma. Guron kuwa ta rarraba wa maƙwabta a yammacin nan don kada ya lalace.

Kafin in tafi na kafa mata rumfar shanya a can gefe, da itace da tsohon kwano, na ɗaga ta yadda akuya ba za ta kai ba. Ta duba ta ce ba ta kai waccan ba, amma za ta yi maneji.

Na ce zan dawo Asabar ta sama in ga sakamako. Ba a kai ga ranar ba. Ranar Alhamis ta makon, na dawo daga aiki ke nan, na ga wata tsohuwa tana saukowa daga motar Argungu a bakin layinmu, rungume da wani ƙunshi. Inna ce. Matar da ba ta taɓa shiga mota ita kaɗai ba. Ta wuce ni ko gaisuwar kirki ba mu yi ba, ta je gaban tabarmar Baba ta durƙusa, ta kwance zani, ta kwance wani zanin, ta fito da kwalbar gwaji ta miƙa masa.

"Malam, taɓa ka ji."

Baba ya taɓa. "Mi zan ji? Ruwa ne."

Ta karɓa ta taɓa, fuskarta ta canza. "Ya huce a hanya. Amma wallahi da sanyi nad ɗauko shi. Kullum da sanyi, tun ran da yaron ga ya tafi. Har haƙori shike riƙewa."

Dole na ba shi labari tun daga farko. Yana ji yana girgiza kai, da na zo kan tabarmi sai ya fashe da dariya, irin wadda rabona da jin ta tun kafin ya kwanta, har da tari.

"Kai da abokinka kun je kun yi wa bawan Allah rashin kunya a kasuwa kan guro? Da kun tambaye ni! Ni na nuna mata wurin."

Na je Asabar na tabbatar da idona, na sanar da likita, ya ce a sauka lafiya. Muka sa maganin a cikin kwano da ƙanƙara, muka naɗe da bargo, muka kama hanya. Baba bai ko shiga gida ba, garka ya zarce. Kafin in sauke kaya na jiyo muryarsa yana yi wa 'yan ƙwadago faɗa wai sun yi fangali kamar da ƙafa suka ja shi. An yi dashen shekarar da shi, yana zaune a kan kujera yana nuni da sanda. Ni kuma da zan koma na tsaya a Argungu na ja abokina muka je muka ba ɗan kasuwar nan haƙuri. Ya ce ya yafe, amma labarin guro sai da ya zagaye layin masu batir kaf, na daɗe ban bi ta nan ba.

Yanzu in na ga yara suna haɗa sola da batir cikin awa kaɗan, suna duba komai a waya, ina jin daɗi ƙwarai, don na san me ɗan sanyin nan yake nufi ga gidan da ke da marar lafiya. Abin da nake gaya musu kawai shi ne, kafin ka ƙara wani abu a kan kayan da ka tarar a gida, zauna ka ga yadda mutanen gidan suke rayuwa da su. Mu wayoyi muka yi ta bi, alhali farantan nan sun daɗe da samun aiki na biyu a hannun Inna, kuma aiki mai kyau.

Baba ya yi shekaru masu yawa bayan haka. Mun canza batura ban san sau nawa ba, an yanke mana jiha yana nan, ya ga jikoki har da 'ya'yan jikoki. Da lokacinsa ya yi, a ɗakinsa ya cika, aka kai shi inda iyayensa suke.

Washegarin addu'ar uku na fito da sassafe na iske Inna a garka, da tsumma a hannu, tana goge farantai. Ta tsufa sosai a lokacin, sai ta dafa ƙarfen take iya miƙa hannu. Zuciyata ta karye. Na ce, "Inna, ki huta mana. Ai yanzu..."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Ka ɗauka allurarshi kaɗai ke cikin firjin? Akwai ta matar liman, akwai ta wani dattijo da ɗanshi ke zuwa ɗauka daga ƙetaren fadama. Miƙo min ruwan can, rana ta kusa fitowa."

Na miƙa mata.